Tambayoyinku: Ciniki da Neman Kuɗi a Tsibirin Zanzibar

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da maigidana za mu je hutu Zanzibar in Allah ya yarda, kuma ina son in sayo kayan ƙamshi da zannuwan nan nasu da ake kira kanga, wasu na tsaraba, wasu in gwada sayarwa. An ce mini da zarar sun gane baƙuwa ce ke, sai a ninka miki kuɗi. Ba na jin Suwahili. Yaya zan yi ciniki ba a cuce ni ba? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya kai ku lafiya. Abin da aka faɗa miki gaskiya ne, amma rabinta aka ba ki. Ana ninka wa baƙo kuɗi, sai dai ba ko'ina ba, kuma sanin inda ake yi shi ne rabin maganin.

A tsohon garin, wanda suke kira Mji Mkongwe, akwai lunguna irin titin Gizenga da ke cike da shagunan tsaraba. Waɗannan don masu yawon buɗe ido aka buɗe su. Hayarsu da tsada, kuma sau da yawa wanda ya rako ki ƙofar shagon yana da la'adarsa a cikin kuɗin da za ki biya. Samarin da za su tare ki a bakin tashar jirgin ruwa ko dandalin Forodhani suna cewa za su nuna miki hanya, galibinsu ’yan kamasho ne. Kada ki yi musu tsawa, neman abinci suke. Ki ce "asante", wato na gode, ki ci gaba da tafiya. In kin shiga shago tare da ɗayansu, kin riga kin biya shi ko ba ki sani ba.

Inda mutanen gari suke sayayya shi ne kasuwar Darajani, wadda aka gina babban zaurenta a 1904, da layukan ’yan yadi da ke bayanta, sai kuma kasuwar Mwanakwerekwe a wajen tsohon gari. Ki je da hantsi, ranar farko kada ki sayi komai. Ki tsaya kusa da rumfar mai kanga, ki kalli matar gari tana ciniki, ki lura da takardar kuɗin da ta miƙa da canjin da aka ba ta. Wannan kallon ya fi duk abin da zan rubuta miki a nan amfani, domin farashi yana motsi, ido kuwa ba ya yi miki ƙarya.

Sai gaisuwa. Mutanen Zanzibar mafi yawansu Musulmi ne, kuma suna ɗaukar gaisuwa da nauyi. Ki yi sallama. In mai rumfar dattijo ne ko dattijuwa, ki ce "shikamoo", za a amsa miki da "marahaba", kuma za ki ga fuska ta saki. Daga nan kalmomi uku sun ishe ki: "bei gani?" wato nawa ne, "ghali sana" wato ya yi tsada, "punguza" wato a rage. Sauran kuwa wayarki za ta yi miki: ya rubuta nasa adadin a kalkuleta, ki rubuta naki. A shagon tsaraba ki taya ƙasa sosai, babu laifi. A rumfar kayan abinci da ’yan gari ke saye, abin da ake ɗorawa kaɗan ne, in kin taya rabi kin ci fuska. Kuma in kin taya aka sallama miki, ki biya. Tayin da ba niyyar saye shi ne abin da ya fi ɓata wa ɗan kasuwa rai a can, kuma garin ƙarami ne, gobe za ki sake bi ta gabansa.

Game da kanga: bibbiyu ake sayar da ita, a haɗe ba a yanke ba, don haka ki tabbatar kuɗin da aka faɗa na biyun ne. Ki shafa ki ji ko auduga ce ko an gauraya da roba, ki duba ko sitaci ne ya ba ta kauri. Abu mafi muhimmanci, kowace kanga tana da rubutu a gefenta na ƙasa. Wani addu'a ne, wani kalaman soyayya, wani kuwa habaici ne zalla irin na kishiyoyi da maƙwabta. Ki sa a fassara miki kafin ki saya, kada ki kai wa surukarki zanen da ke cewa ta daina sa ido.

Kayan ƙamshi kuma, ki sayi ɗanyensu, kada ki sayi garin. Garin kirfa ko na masoro ba ki san abin da aka haɗa a ciki ba. Kanumfari mai kyau ja-ja ne mai duhu, kansa yana nan bai karye ba, in kin danna shi da farce za ki ga maiƙo ya fito. Wanda ya yi fari-fari ya bushe ƙayau, ko dai ya kwana biyu ko an riga an tatse mansa. Banila mai kyau tana lanƙwasuwa a yatsa ba ta karyewa. Za'afaran kuwa ba a noma shi a tsibirin, wanda za ki gani a ƙulle da araha kusan duk furen wani tsiro ne daban mai kama da shi. Haka dutsen ado na tanzanait: a yankin Mererani kusa da garin Arusha a arewacin Tanzaniya kawai ake haƙo shi, nesa da teku, don haka kada ki saye shi a hannun mai yawo da shi a bakin ruwa.

Wata magana guda, kuma ina yin ta da zuciya ɗaya. In kin je ƙauyukan gabas irin Paje da Jambiani, za ki ga mata cikin ruwa har gwiwa lokacin da teku ta janye, suna ɗaure ciyawar teku a igiyoyi. Da ita suke yin sabulu da man shafawa. Aikin yana cin baya da idanu, abin da ake samu kuma ba yawa. Kada ki matsa wa irin waɗannan a ciniki. Abin da za ki rage ba zai kai kuɗin ruwan kwalba a otal ɗinku ba, a wurinsu kuwa cefanen yini ne.

Tambaya: Malam, dala zan riƙe ko kuɗin ƙasar? Kuma akwai abin da aka hana fita da shi? Daga wani matashi.

Amsa: Ƙanena, ka riƙe duka biyun, kowane da wurinsa. Kuɗin biza da dala ne. Tun daga 1 ga Oktoba 2024 kuma, duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya sayi inshorar tafiya ta gwamnatin tsibirin, dala 44, ko da yana da wata. Takardun dalarka su zama sababbi, marasa yagewa, domin ana ƙin karɓar tsofaffin bugu. A cikin gari kuwa shilin na Tanzaniya ne kuɗi, kuma tun watan Maris 2025 ƙa'idar gwamnati ta ce da shilin za a riƙa sa farashi a kuma biya a cikin ƙasa. Ka canja a shagon canji mai lasisi, ka karɓi rasiti. Takarda mafi girma ta 10,000 ce, ka nemi a fasa maka wasu zuwa 1,000 da 2,000, don "babu canji" hanya ce ta cinye ragin da ka sha wahalar samu. Ka sayi layin waya ka buɗe asusun kuɗi na waya irin M-Pesa ko Airtel Money, zai rage maka yawo da kuɗi.

Kada ka sayi ƙwaryar kunkurun teku, ko murjanin da aka fasa daga ƙarƙashin ruwa, ko manyan kwansan teku, ko wani abu na hauren giwa, komai daɗin bakin mai sayarwa. A filin jirgi kai za a riƙe, shi yana gida. Jakar leda ma an haramta ta, ka tafi da jakar yadi. Ranar Juma'a shaguna da yawa suna rufewa lokacin salla. In kuma ɗan gari ya ce ku haɗu "saa nne", ka tambaya da kyau, domin lissafin agogonsu daga fitowar rana yake farawa, ƙarfe huɗunsu shi ne goma na safe.

Tambaya: Ranka ya daɗe, na je Zanzibar sau ɗaya, wurin ya shiga raina. Na yi aboki a can, mutumin kirki, ya ce akwai fili kusa da teku da za a sayar da araha. Ya ce tunda baƙo ba ya mallakar ƙasa, sai a saya da sunansa, ni in kawo kuɗi mu gina masaukin baƙi. Ya kuma ce zai haɗa ni da manoma a tsibirin Pemba in riƙa sarin kanumfari kai tsaye. Ina da ɗan jarin da na daɗe ina tarawa. Me ka gani? Daga wani ɗan kasuwa.

Amsa: Alhaji, wasiƙarka ce ta fi tsaya mini a rai cikin ukun. Na sha ganin baƙo ya ɓata rabin sa'a yana jayayya kan kuɗin ƙyalle, washegari ya miƙa jarinsa kacokan bisa maganar baki. A ƙaramin ciniki ake sassauci, a babba ake taurin kai, amma mutane sun juya abin.

Abokinka ya faɗi gaskiya a kan doka. Zanzibar tana cikin Tanzaniya tun haɗewar 26 ga Afrilu 1964, amma tana da shugabanta da majalisarta, kuma dokar ƙasa tata ce daban. A ƙarƙashin dokar 1992, duk ƙasar tsibirin ta al'umma ce a hannun gwamnati, kuma ɗan Zanzibar ne kawai ake ba takardar mallakar zama a kanta. Amma abin da ya biyo bayan gaskiyar tasa shi ne haɗarin. In an rubuta filin da sunansa, nasa ne a gaban kowace kotu. Ban ce zai ci amanarka ba, ban san shi ba. Sai dai mutum yana mutuwa, magadansa ba su yi alkawari da kai ba. Ana bin mutum bashi a kama kadararsa. Filayen bakin teku kuma da yawansu gadon dangi ne, mai sayarwa ɗaya, masu haƙƙi goma, sai ka zuba harsashi sannan sauran su bayyana. Takardar shaidar mai unguwa, wanda suke kira sheha, tana da amfani, amma ita kaɗai ba ta mallaka maka komai.

Ƙofar da doka ta buɗe wa baƙo haya ce ta dogon zango, wadda za ta iya kai wa shekara 99, kuma ta hukumar zuba jari ta ZIPA ake bi. Ka yi rajistar kamfani a hukumar BPRA, ka gabatar da tsarin aikinka, in an amince hayar ta fito da sunan kamfanin. In kana son abokinka a ciki, ka ba shi kaso a rubuce, kowa ya san nasa. Dokar gidajen haɗaka ta 2010 kuma ta ba baƙo damar sayen gida a cikin rukunin gidaje da aka amince da su, irin na yankin Fumba. Ka ɗauki lauyan da kai ka nemo, kai kake biya, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba. Ka kuma sani bizar yawon buɗe ido ba ta halatta maka kasuwanci. Akwai bizar kasuwanci ta ɗan lokaci, akwai izinin zama ajin A na mai zuba jari. Haraji ma hukumomi biyu ne, TRA ta tarayya da ZRA ta Zanzibar, kuma akawunka ya san abin da kowace ke karɓa.

Kafin duk wannan, ka koma ka zauna a watan Afrilu ko Mayu, lokacin babbar damina. Ka ga tsibirin da baƙi suka watse, wasu otal-otal sun rufe, hanyar ƙauye ta zama taɓo, albashin ma'aikata kuwa bai tsaya ba. Ka ɗanɗana ruwan rijiyar filin, don a gaɓar teku sau da yawa gishiri ne. Ka je wurin lokacin da teku ta cika ka ga inda ruwa yake tsayawa, ka tambayi tsofaffin masunta inda yake tsayawa a da. Ka lissafa janareta ko sola cikin jarinka: wutar Unguja, wato babban tsibirin Zanzibar, ta wayar ƙarƙashin teku take zuwa daga babban yankin Tanzaniya, kuma da ta lalace a Disamba 2009 tsibirin ya yi kusan wata uku a duhu. Siminti, rodi, tayil, kusan komai jirgin ruwa ne ke kawo shi, don haka gini a can ya fi yadda kake zato tsada, gishirin iska kuma yana cin ƙarfe.

Maganar kanumfari kuwa, ka ajiye ta yadda aka kawo maka ita. Pemba ce ke noma mafi yawansa, haka ne, amma hukumar gwamnati ta ZSTC ce doka ta ba ikon saye daga hannun manoma da fitarwa waje. Wanda ya bi ta bayan fage fasa-ƙwauri ya yi, kaya su salwanta, manomin da ya sayar maka shi ma ya shiga uku. In da gaske kake son wannan sana'a, ka rubuta wa hukumar ka nemi sharuɗɗan saye daga wurinta, ka fara da ɗan kaɗan ka ga yadda kaya ke isowa da abin da fito da kwastan za su ci.

Abokin naka kuma kada ka yanke shi. Ka gaya masa kana son a bi ta ZIPA, da lauya, da sunan kamfani, kuma ba za ka ba da kafin alƙalami ba sai an bincika filin a ofishin ƙasa. In ya yi murna ya ce mu je, ka samu abokin tafiya. In ya fara cewa takardu ɓata lokaci ne, akwai wani Bature da zai biya gobe, to ka riƙe kuɗinka, ku ci gaba da zumunci.