Amsa: Wai tsaunin Mambilla ya fi Jos tudu ne?

Malam, tambayarka ita ce za a tura ka aiki Gembu, garin da ke kan tsaunin Mambilla, daga nan Sakkwato, kana son sanin ko tudun can kamar na Jos ne kuma mota karama za ta iya hawa.

Ya fi Jos gaskiya. Mu nan Sakkwato ba mu kai mita 300 daga saman teku ba, Jos tana wajen mita 1,200, shi kuwa Mambilla a jihar Taraba yawancinsa kusan mita 1,600 ne. Chappal Waddi, tsauni mafi tsawo a Najeriya mai mita 2,419, yana can yankin kan iyakar Kamaru. Duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6, shi ya sa har ganyen shayi ake nomawa a can.

Wahalar tana hawan da ke bayan garin Serti a hanyar Gembu, daga garin Mayo Selbe da ke gindin tsaunin, kwana kan kwana ga rami a gefe, ni ranar da na fara hawa kunnena toshewa ya yi, hazo ya rufe gilas har direba ya kunna fitila da rana tsaka. Mota karama na hawa in lafiyarta lau, amma wajen gangarowa kar ka danne birki kawai, zai yi zafi ya saki, sa ta a giya ta daya ko ta biyu. Ka kai wa makanike ya duba birki da lagireto kafin ka tashi.

Kuma don Allah kar ka tafi da 'yar shara irin ta zafin Afrilu, ka sa rigar sanyi da bargo a jaka. In kana da asma ko ciwon zuciya ka fara ganin likita.