Tambaya da Amsa: Tono Tarihin Tsohuwar Unguwa da na Dangi

Tambaya: Kakata ta haura shekara 80, a unguwarmu aka haife ta, a nan kuma aka yi mata aure. Duk sanda na ce ta ba ni tarihin unguwar sai ta yi dariya ta ce ita ba ta san komai ba. Ina fargabar ranar da za mu rasa ta da abin da ke kanta. Yaya zan yi? — Wata mai karatu

Amsa: 'Yar'uwa, tambayar ce ta yi mata faɗi. Ki rage mata girma. Ki ce: "Kaka, ina kuke ɗibar ruwa kuna yara? In an fito ƙofar gida an yi dama, gidan wa aka fara tararwa? Me ke bayan gidan nan kafin a yi titi?" Tsofaffi sun fi riƙe wuri da mutane fiye da shekaru, saboda haka ta wuri ake shiga. Ki ajiye farar takarda a gabanki kina zana lungun gida-gida tana faɗa miki masu shi. In tana iya tafiya, ku taka tare da yamma. Wani kwanar lungu ko tsohuwar bishiya kan tuno mata abin da zaman ɗaki ba zai fito da shi ba.

Ki nemi izininta kafin ki kunna rikoda. Wayar hannu ta isa, amma ki sa ta a yanayin jirgi don kada kira ya katse ɗaukar, ki ajiye ta a kan matashi kamar kamu ɗaya ko biyu daga bakinta, a kashe fanka da rediyo. Fanka ita ce ta fi ɓata irin wannan aiki: kunne ya saba da ita ba ya ji, na'ura kuwa ita take fara ɗauka. Da muryarki ki fara faɗin rana, wuri da sunan mai magana. Kada zama ya wuce minti 45 zuwa awa ɗaya. In ta gaji za ta riƙa cewa "haka ne" don ki ƙyale ta. In ta yi shiru, kada ki cike mata gurbin, tunani take yi. Kada kuma ki sa mata amsa a baki da irin "ai kasuwar a nan take ko?"

Ki zauna da ita ita kaɗai tukuna. In aka tara tsofaffi wuri ɗaya, wanda ya fi girma ko ya fi baki shi ke magana, sauran su bi shi ko da sun san ba haka aka yi ba. Kowane suna ta ambata, ki tambaya na yanka ne ko laƙabi, kuma ɗan gidan ne ko riƙonsa aka yi.

Tambaya: Baffana ya ce zuriyarmu ta shekara 300 a unguwar nan, amma kakannin da yake iya lissafowa biyar ne kawai. Wani dattijon kuma ya ce bayan yaƙi muka zo. Wa zan gaskata? — Wani mai karatu

Amsa: Malam, kada ka yi saurin ƙaryata kowa, lissafi za ka yi. Tsakanin haihuwar uba da ta ɗa, masu binciken nasaba kan ɗauki kimanin shekara 30. Ta wajen mata tazarar ta fi haka gajarta. Kakanni biyar ke nan kusan shekara 150. To ko dai 300 ɗin hanyar cewa "mun daɗe" ce, ko kuwa sunaye sun zube a hanya. Na biyun yana faruwa ƙwarai. Ana riƙe sunan wanda ya kafa gidan da na kusa-kusa, na tsakiya su ɓace. Idan kuma aka mayar wa jika sunan kakansa, bayan an kwana biyu mutum biyun sai su zama ɗaya a bakin mutane. Akwai kuma kishiyar wannan: wa da ƙani da suka gaji gida ɗaya bayan ɗaya a mayar da su uba da ɗa, salsala ta yi tsawon da ba nata ba.

Mai yiwuwa ma dukansu biyu gaskiya suke faɗa, ɗaya yana maganar zuwan dangi garin, ɗayan yana maganar tarewa a wannan gidan. Ka tambayi dattijon wane yaƙi yake nufi. In Yaƙin Duniya na Biyu ne, 1939 zuwa 1945 ke nan. Na farko kuwa 1914 zuwa 1918.

Hanyar ɗaure labari da shekara ita ce a rataya shi a jikin abin da aka san lokacinsa. Annobar mura da ta game duniya a 1918 ce. Tauraruwa mai wutsiya ta Halley ta bayyana a 1910, ta dawo a 1986. In aka ce "shekarar da rana ta yi husufi", hukumar NASA ta Amurka tana da jadawalin husufi na dubban shekaru a intanet, har da wuraren da aka gan shi. Sai ka bi da tambayar da ke rage tazara: lokacin kana goye ne, ko ka fara zuwa aike, ko ka yi aure?

In takarda ta zo da shekarar Hijira, ka raba ta da 33, ka cire abin da ya fito daga cikinta, ka ƙara 622. Misali 1350: rabawa ta ba da kusan 41, saura 1309, a ƙara 622 ya zama 1931. Ka bar sararin shekara ɗaya, domin 1350 ta shiga har cikin 1932. A littafinka ka rubuta kowace magana da sunan wanda ya faɗe ta, da kuma ko gani ya yi ko ji. Ruwayoyi biyun ka ajiye su gefe da gefe, kada ka haɗe su ka yi ta uku.

Tambaya: Na buɗe akwatin marigayi mahaifinmu na tarar da hotuna, takardun gida da kaset-kaset. Wasu hotunan sun manne da gilashin firem. In kai a yi musu laminatin? — Wata mai karatu

Amsa: Allah ya jiƙansa. Laminatin kam a'a, Hajiya. Zafi da gam ne ke haɗa ledar da takardar, kuma ba a warware shi. Haka salatif: yana yin ja, ya bar tabon da ba ya fita. Hoton da ya manne da gilashi kada ki ɓanɓare shi, fuskar hoton za ta bi gilashin. A ɗauki hotonsa yadda yake. Na sauran, a yi musu sikanin a 600 dpi (ma'aunin kaifin sikanin ke nan), takardu a 300, gaba da baya, domin hatimin mai hoto ko rubutun baya kan ba da shekara. Ki ajiye sikanin na asali a TIFF, nau'in fayil mai riƙe cikakken ingancin hoto, ki raba wa dangi JPEG, nau'in da ba shi da nauyi. WhatsApp yana matse hoto ya rage ingancinsa sai in a matsayin fayil aka tura.

Sunayen mutanen ciki ki rubuta a baya da fensir mai taushi, ba biro ba, tun masu gane fuskokin suna raye. Wannan shi ya fi komai gaggawa. Ma'ajiya ta zama busasshiya mai sanyi, sama da ƙasa, nesa da bango saboda gara da laima. Wanda ya yi fumfuna a ware shi ya sha iska a inuwa.

Kaset kuwa, ki ɓalle 'yan haƙoran nan biyu na samansa don kada a yi ɗauka a kai bisa kuskure, a juya shi gaba da baya sau ɗaya, sannan a gwada rikodar da wani kaset marar amfani, kada ta cinye zaren. Manhajar Audacity kyauta ce, da ita ake kwashe sautin zuwa kwamfuta a WAV, nau'in fayil da ba ya rage ingancin sauti. Kwafi uku, ɗaya a wani gidan daban.

Tambaya: An rushe layinmu an yi babban titi tun ina yaro. Zan iya gano inda gidanmu yake? — Wani mai karatu

Amsa: Za ka iya kusanta. Ka fara da abin da bai cika gusawa ba: maƙabarta, wurin ibada, gada, magudanar ruwa. Daga nan tsofaffi su ƙirga maka gidaje, domin sunan layi da lambar gida suna canzawa. Google Earth na kwamfuta yana nuna hotunan baya, sai dai a birane da yawa masu kyan ba su wuce farkon shekarun 2000 ba. In rusau ɗin ya girmi haka, akwai hotunan tauraron leƙen asirin Amurka mai suna Corona, na 1960 zuwa 1972, waɗanda aka saki a 1995, ana neman su a shafin EarthExplorer. Mafi kyawunsu na nuna abu mai faɗin kusan mita biyu, wato za ka ga lungu da fasalin gida. Ofishin safiyo ma kan ajiye tsofaffin taswirori da hotunan jirgin sama. Ka tafi da lambar fili in tana jikin takardun gidan.