Yayana ya ce mu kai Inna gidan tsofaffi

Tanti, barka da war haka. Ni mazauniyar Bagalam ce a nan Maradi, shekarata 41, ina da yara biyar, ina tuyar ƙosai da safe. Shekara biyu ke nan da hawan jini ya kayar da Innarmu, ɓarin jikinta na hagu ya shanye, na ɗauko ta daga Tibiri. Ni ke yi mata wanka, ni ke kai ta bayi. Tun bayan sallar layya kuma mantuwa ta shigo: sai ta ci tuwo ta sha fura, ta ce wa baƙi tun jiya ba a ba ta komai ba. Makon jiya da tsakar dare na iske ta ta ja jiki har zaure, wai za ta kasuwa.

Yayana da ke Faransa ya ce can akwai gidajen kula da tsofaffi, in nemo irinsu, zai biya. Ƙannena mata biyu suka ce Allah ya kiyaye, kada mu jawo wa kanmu baki, alhali ko kwana ɗaya ba su taɓa yi da ita ba. Abin da ke cina, Tanti, da Yaya ya faɗi haka sai na ji sanyi a raina. Na zama butulu ke nan?

Mai jinya, Bagalam

Ɗiyata, wadda ta shekara biyu tana wanke uwarta ba a kiranta butulu. Gajiya ce, kuma jikinki ne ke faɗa miki gaskiya.

Gidajen da yayanki ke nufi iri biyu ne. Akwai na tsofaffin da ke iya tashi da kansu: kowa da ɗakinsa da makullinsa, ana dafa musu abinci, a taya su shara, a leƙa su. Akwai kuma na waɗanda jiki ko hankali ya gaza, wanda Faransawa ke kira EHPAD, inda ma'aikatan jinya ke aiki dare da rana. Innarku, da shanyewar jiki ga mantuwa, ta wuce na farko. Na biyun kuwa a can yakan ci yuro 2,000 ko fiye a wata, kuma tunda yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, lissafin ya haura miliyan 1 da jikka 300.

To, me ake saye da wannan kuɗin? Hannu ne: mai wanka, mai juya majinyaci, mai ba da magani kan lokaci, mai gadin dare. Duk wannan yana iya zuwa ya iske Inna a ɗakinta da abin da bai kai rabin rabin wancan ba, tana jin Hausa a kunnenta, tana jin hayaniyar jikoki. Mai mantuwa kuwa sauyin wuri kan ƙara rikita ta.

Ki ce wa Yaya kin karɓi tayinsa, amma ga yadda za a kashe. A ɗauki mace babba mai haƙuri, da albashi tsayayye, ta riƙa kwana da ita. Kada ki ɗora wa yarinya 'yar shekara 12, ba ta iya ɗaga babban mutum. Kafin ki amince da ita, ki sa ta ba Inna abinci kina kallo: tana jiran ta haɗiye, ko tura mata cokali take yi? A sayi kujerar bayi a ajiye gefen gado, a kafa ƙarfen dafawa a makewayi, a bar fitila da dare, a ɗaga sakatar zaure sama. Idan ta yini a kwance, a juya ta duk awa biyu don gudun gyambon kwanciya. Lokacin bazara, da zafin Maradi ke haura digiri 40, a riƙa miƙa mata ruwa ko ba ta nema ba, tsoho ba ya jin ƙishi da wuri.

Ki kuma kai ta asibiti a duba mantuwar nan. Ba kowace rikicewa ce gigin tsufa ba. Ciwon mafitsara, faɗuwar suga ko wani magani na iya jawo ta.

In kuma wata rana aka nuna muku wani gida, ki je ba sanarwa, bayan isha'i. Ki shaƙi warin ɗakuna, ki ƙirga masu aikin dare, ki tambaya ko dangi na shiga duk lokacin da suka so.

Su kuwa ƙannen naki masu tsoron baki, ai uwarsu ce su ma. Ki kira kawunku ya zaunar da ku ranar Juma'a, a raba kwana a gabansa: Asabar ta wance, Lahadi ta wance. Wadda aure ya hana ta kwana, ta kawo abincin yinin, ta ɗauki wankin zannuwa.

Tanti