Amsa: Shin mutanen Kaduna jam'iyya suke bi ko mutum?

Malam, ka tambaya ko Kaduna ta zama gidan APC ne har abada, tunda ita ke mulkin jihar tun 2015. A'a, ba ta zama ba. Mutanenmu sun iya raba ƙuri'a, kuma zaɓen 2023 ya isa shaida. Ranar 25 ga Fabrairu, Atiku Abubakar na PDP ne ya lashe jihar a zaɓen shugaban ƙasa, Tinubu ya zo na biyu, PDP kuma ta kwashe kujerun sanata guda uku duka. Bayan mako uku, ranar 18 ga Maris, mutanen nan dai suka ba Uba Sani na APC kujerar gwamna, ya kayar da Isa Ashiru na PDP da tazarar da ba ta kai ƙuri'a dubu 11 ba.

Sai dai ka lura da inda mutum yake zaune kafin ka yi masa lissafi. A unguwanninmu irin Rigasa, Tudun Wada da Kawo, abin da na gani shi ne wahalar canjin kuɗi da layin mai suka fusata jama'a a zaɓen farko, amma da aka zo na gwamna sai maganar addini da abin da malamai suka faɗa a kan mumbari ta danne komai. Haye kogi zuwa Sabon Tasha, ko ka gangara Kafanchan, labarin daban ne: can PDP ta daɗe da kafa sansani, duk da Peter Obi na jam'iyyar Labour ya yage mata kaso mai tsoka a 2023. Taliya da atamfar ranar zaɓe kuwa, ana karɓa, amma ban ga ta juya unguwa guda ba.