Shinge ko rufe boda: wanne zai hana fasa-ƙwauri a iyakar Najeriya da Nijar?

Tambaya: Wani mai karatu daga Gusau ya rubuto yana cewa: "Malam, mun daɗe muna gardama a majalisarmu. Tun da Janar Christopher Musa ya ba da shawara a 2025, lokacin yana babban hafsan tsaro, cewa a zagaye iyakokin Najeriya da shinge, ni na ce nan maganin makamai da baƙin haure yake. Abokaina suka ce a'a, a sake rufe boda ruf kamar zamanin Buhari. Wa ke da gaskiya?"

Amsa: Malam, na san abin da ya sa wannan magana ta dame ka. Wanda ke zaune a Zamfara yana ganin abin da bindiga ta mayar da ƙauyuka ba zai ɗauki zancen iyaka da wasa ba. Amma a ganina, da kai da abokanka kun ɗora fata a kan abin da ba zai ɗauke ta ba.

Bari in fara da abokanka, domin nasu an gwada. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai Disamban 2020, inda aka fara da Seme, Illela, Maigatari da Mfun. A tsakani an hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Shinkafar gida ta samu kasuwa, injinan casa sun ƙaru a Kano da Kebbi, wannan ba na musunsa. Sai dai 'yar waje ba ta ɓace daga kasuwa ba, tsada kawai ta ƙara. Hauhawar farashin abinci ta tashi daga kusan kashi 13 cikin ɗari zuwa sama da 19, ko da yake korona ma ta sa hannu. Kuma a cikin waɗannan watannin ne, a Disamban 2020, aka kwashe ɗaliban Ƙanƙara su ɗaruruwa. Boda a rufe, 'yan bindiga ba su rasa harsashi ba. Dattawan Maraɗi kuwa har yau suna tuna rufewar 1984, zamanin mulkin soja na Buhari, wadda ta zo daidai da fari, har aka laƙaba wa yunwar shekarar sunan Buhari.

Shinge kuma, duba tsawon. Iyakar Najeriya da Nijar kaɗai ta kai kusan kilomita 1,500, daga Kebbi har Tafkin Chadi. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a yarjeniyoyin da suka ƙulla tsakanin 1890 da 1906, ba su tambayi kowa ba. Sarkin Maraɗi Bakatsine ne, na Tsibiri Bagobiri ne. Akwai wanda gidansa ke Najeriya, gonarsa a Nijar, surukansa a Ƙonni. Waya ko bulo a irin wannan fili, in babu mai gadi a kowane ɗan taƙi, dare ɗaya za a yanke ta. In kuwa akwai masu gadin, mun dawo kan ainihin ciwon: wa ke gadin, kuma me ake miƙa masa?

Na taɓa bin wata hanyar boda da asuba a motar haya. Muna tafe sai ga ayarin babura sun fito daga ɓarauniyar hanya, kowane da buhun shinkafa uku an ɗaure da roba, ƙura ta rufe fuskokin yaran da ke tuƙi. Ba su kauce wa shingen binciken da ke gabanmu ba. Na gaba ya rage gudu, ya miƙa hannu a dunƙule, aka ɗaga sanda, sauran suka wuce. Direbanmu ko kallo bai yi ba, domin kullum haka yake gani. Ran nan na ƙara yarda da Bahaushe, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kayan da suka kai cikin tirela ba ta jeji suke bi ba, ta ƙofa suke wucewa.

Abin da ke tuƙa fasa-ƙwauri shi ne ratar farashi. A shekarun baya Najeriya ta ɗora wa shinkafar waje harajin da ya kai kashi 70 cikin ɗari, ta kuma hana shigo da ita ta ƙasa tun 2016. Jamhuriyar Benin kuwa harajinta kaɗan ne, shi ya sa tashar Kwatano ke sauke dafaffiyar shinkafa wadda mutanen Benin ba su cika ci ba, kowa ya san inda ta dosa. Muddin buhu ɗaya zai bar ribar da za ta biya ɗan fito, ta biya na goro a hanya, kuma a samu saura, to za a yi fiton. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta fetur. Shekaru ana kama jarkoki, ba a ga ƙarshensu ba. Da Tinubu ya janye tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, farashi ya ninka, ribar ta zube, 'yan ruwa-ruwa na Nijar suka rasa kaya mai araha. Zuwa Maris na 2025 sai ga dogayen layuka a gidajen man Yamai. Ba a ɗora bulo ko ɗaya ba.

Batun baƙin haure kuma yana son a yi masa adalci. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Afirka ta Yamma damar shiga ba biza har kwana 90. Ko da Nijar, Mali da Burkina Faso suka fice a Janairun 2025, ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardunsu. Ɗan ci-rani daga Tawa da ke turin ruwa a Sakkwato ba shi ne barazanarka ba. Matsalar ita ce ba a rubuta shigarsa ba, don haka mugu ya samu inda zai ɓuya a cikin talakawa. Takurawa kuma tana da nata sakamako: da Nijar ta kafa dokar 2015 kan safarar baƙi, direbobin Agadas suka koma hanyoyin hamada marasa rijiya, mutane suka riƙa mutuwa da ƙishirwa, har sojoji suka soke dokar a Nuwamban 2023.

Da ni za a tambaya, sai in ce a raba shinkafa da bindiga. Jami'in da ya wuni yana bin mai buhu biyu ba shi da lokacin bincikar motar da aka shimfiɗa makamai ƙarƙashin albasa. A sauƙaƙa wa ƙaramin ɗan kasuwa, haraji kaɗan da rasit na gaskiya, yadda bin ƙofa zai fi bin jeji araha. A sa na'urar duba kaya a Illela, Jibiya, Kongolam, Maigatari da Kamba, a haɗa ofishin ƙasashen biyu wuri guda kamar na Seme da Krake a iyakar Benin da aka buɗe a 2018. A biya jami'ai da kyau, a riƙa sauya musu wuri, wanda aka kama da cin hanci a hukunta shi a bainar jama'a tare da ubangidan da yake kai wa kaso.

Sannan mazauna iyaka. Mai unguwa a ƙauyen boda ya san baƙon babur tun daga ƙararsa. Zai faɗa ne kawai in ya tabbata wanda zai gaya wa ba shi ne ya ƙwace wa ɗansa buhun gero jiya ba, kuma sunansa ba zai isa kunnen 'yan bindiga ba.

Shinge yana da wurinsa, Malam, amma gajere: gefen manyan ƙofofi, da wasu sanannun mashigai inda sojoji ke kusa. Ko shi ɗin sai Abuja da Yamai suna musayar bayanai, abin da ya yi rauni tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023.