Ga 'yar'uwar da mahaifinta ke ɓata hanyar masallaci

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce Baba ya fara rikita raka'o'in sallah, yana ɓata hanya tsakanin masallaci da gida, yana zargin jikoki da sace masa kuɗi, kina tambaya ko jifa ne ko gigin tsufa. Wallahi da hawaye na karanta, don da haka Hajiyarmu ta fara, Allah ya ji ƙanta.

Ki kai shi asibiti, kar ki tsaya jiran shawarar dangi. Mu dangi ne suka cuce mu. Baffanmu ya rantse kishiyarta ce ta yi mata asiri, ya ɗauko wani wai mai ruƙiyya, suka kulle ta a ɗaki da hayaƙi, mutumin yana zabga mata tsumagiya wai aljani yake duka. Tsohuwa fa! Da na iso na tarar da ita rakuɓe a bayan ƙofa, zaninta jiƙe da fitsari, gadon bayanta duk shatin bulala. Ta dube ni ta ce, "Baiwar Allah, ki taimaka ki kai ni wurin Innata." Innar da ta rasu tun kafin a haife ni. Har gobe ba na iya gaisawa da Baffa da zuciya ɗaya. Ko sisi bai taɓa sa wa a maganinta ba, amma ranar rasuwa shi ne a kan tabarmar gaba yana karɓar gaisuwa. Kishiyar da aka ɓata wa suna kuwa, ita ke yi mata wanka har ƙarshe.

Likita ne ya zaunar da mu ya yi mana bayani. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da sinadarai suke aika wa juna saƙo, kuma akwai wani da ake kira asetilkolin wanda ke taimaka wa mutum ya riƙe sabon abu. A cutar Alzaima, wato ciwon mantuwar da ya kama Hajiya, ƙwayoyin da ke samar da shi mutuwa suke yi. Abin da ya faru ɗazu shi ke fara gushewa, na ƙuruciya ya daɗe yana nan. Ya rubuta mata donepezil, wanda ke hana ɗan abin da ya saura saurin rushewa. Ba ya warkarwa, kar wani ya ruɗe ki. Da farko ya sa ta tashin zuciya da zawo, kuma sai da aka riƙa duba bugun zuciyarta, amma ta ɗan samu natsuwa.

Don Allah kar kowa ya ba Baba Piriton don ya yi barci. Aikin asetilkolin ɗin nan yake toshewa, ruɗewar sai ta ƙaru. Ki kwashe duk magungunan da yake sha a leda ki nuna wa likita. A auna jininsa da suga da bitamin B12, don hawan jini ma yana lalata ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa ya kawo mantuwa. In kuma kin ga ya birkice farat ɗaya, a duba fitsarinsa, ciwon mafitsara ma yana iya gigita tsoho, kuma wannan yana da magani.

Za ki ga abin ya fi tsanani daga La'asar zuwa Magariba. Halin ciwon ne, ba iska ba. Ki kunna fitila da wuri. In ya ce an sace masa kuɗi kar ku yi gardama, ku taya shi nema, Hajiya a cikin kwanon tuwo take ɓoye nata. Ki sa takarda mai lambar wayarku a aljihunsa, ki kuma sanar da liman da maƙwabta. Batun sallah kar ya dame ki, malamai sun ce wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami.

Kema ki riƙa samun barci, ki tilasta wa yayyenki maza karɓar kwana, kar su bar miki don ke ce mace. Wane gari kuke? In Kano ne akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Dawanau, Kaduna akwai Barnawa, Sakkwato akwai Kware. Masu cewa asibitin mahaukata ne ki toshe kunnenki. Allah ya ba Baba sauƙi.