Amsa ga mai tambaya kan gyaran ƙotar Lee-Enfield

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ga tambayarka: ka sayi tsohuwar bindigar sojan Ingila, Lee-Enfield No. 4, a nan Kanada, katakon gaba yana girgiɗi, gindin ya yi maka gajarta a kafaɗa, kana tunanin yanke katakon ka goge da samfefa ta koma irin ta farauta. Don Allah ka ajiye zarto tukuna. Na taɓa yanke wata a farkon zuwana, har yau abin yana damuna, domin katakon da aka yanke ba ya dawowa, darajar bindigar kuma ta faɗi ke nan.

Maganar gajarta mai sauƙi ce. Ƙotar wannan bindiga gida biyu ce, gindi daban, katakon gaba daban. Turawan Ingila sun yi gindin tsayi-tsayi saboda sojoji ba girmansu ɗaya ba, tsakanin kowane da na gaba da shi kamar rabin inci. Duba saman katakon kusa da farantin ƙarshe, idan ka ga harafin S gajere ne aka ba ka. Nemi mai L ka musanya. Buɗe 'yar ƙofar da ke jikin farantin, inda soja ke ajiye kwalbar mai, can ciki akwai dogon noti, sai da dogon sukundireba ake kai masa. Ka adana gindin asali.

Girgiɗin gaba shi ne ainihin aikin. A can bayan katakon, ta ciki, akwai wasu 'yan kafaɗu biyu da ƙarfen bindigar ke jingina da su. Su ke karɓar bugun duk lokacin da aka harba. Shekaru masu yawa na mai da giris sun sa itacen wurin ya yi laushi ya lotse, shi ya sa kake jin motsi. Mutane da yawa sai su kama babban notin da ke gaban kunama su yi ta ɗaurewa, alhali akwai wani ɗan zoben ƙarfe a cikin ramin da ke tsayar da shi, ƙarfi ba zai ƙara komai ba. Kuma a samfurin No. 4 Mk I kunamar a jikin ƙarfen da ke kare ta take rataye, don haka in katako ya lotse har jan kunama yana canzawa. Wannan ne aka gyara a Mk 2 a 1949.

Ga yadda nake yi. Bayan na tabbatar babu harsashi na zare sakatar, sai in cire katakon ta baya, ina bubbuga shi a hankali ya sauko daidai. Kada ka kama ta wajen baki ka banƙare, nan take za ka farfasa kafaɗun nan. Sai in fere ruɓaɓɓen wurin da cizal mai kaifi har in kai ga lafiyayyen itace, in manna 'yan guntayen katako mai tauri da gam, in bar su sun ɗan yi yawa. Daga nan sai haƙuri. Ina shafa jan-baki a jikin ƙarfen, in mayar da katako, in cire, in duba inda ja ya taɓa, in kankare wurin kaɗan kamar ɓawon albasa. Wata bindigar ta ci mini yamma uku. Abin da ake nema shi ne katakon ya shiga da ɗan matsi, jan ya fito daidai a dama da hagu, bututun kuma ya kwanta a tsakiya yana ɗan danna ƙarshen katakon ta gaba. Idan gefe ɗaya ya fi, bututu zai karkata.

Ga masu tsohuwar No. 1 Mk III da ke karantawa: ku fara cire katakon gaba kafin ku taɓa notin gindi, in ba haka ba kan notin mai kusurwa huɗu zai tsaga shi.

Samfefa kuwa ban yarda da ita ba, tana cinye hatimin masana'anta, ko Long Branch ce ta nan Kanada ko Fazakerley ta Ingila. Naɗe katakon da tsumma ka bar shi a rana, giris zai tsattsafo da kansa ka goge. Inda ya loɓa, ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle ka danna dutsen guga, zai taso. Sannan man linsid (linseed oil, man da ake shafa wa katako), shafa kaɗan-kaɗan da tafin hannu, da shi sojojin suka riƙa kula da ita. Tsumman man ka shanya shi a waje, in ka dunƙule shi yana iya kamawa da wuta.

Irin bindigogin nan na Lee-Enfield kakanninmu suka riƙe a yaƙin Boma, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, shi ya sa ba na son ganin an datse su. 'Yan'uwa na gida Najeriya kuma, doka ta hana riƙe bindigar soja, bayanin nan na mai lasisi ne a ƙasar da ta halatta. Kafin ka harba, kai ta wurin ƙwararren mai gyaran bindiga ya auna ta. Turo mana hoton cikin katakon ta baya in ga yadda lotsewar ta kai.